Nomau Ya Raka Mutanen Dutse

A garin Tsamiyar Kura aka taɓa haƙa rijiyar da ta ɓulle cikin teku, alhali mutanen garin ko babban kogi ba su taɓa gani ba. Masu haƙar wa ne da ƙane, Nomau da Cindo, uwa ɗaya uba ɗaya, amma in ka ga halinsu sai ka rantse a kasuwa aka haɗa su. Nomau, babban, mutum ne mai gaisuwa. In ya tare ka a hanya sai ya tambayi lafiyarka, da ta iyali, da ta jakinka, da ta maƙwabcin da kuka yi faɗa bara. In ka je gidansa kuwa, zai yi ta raka ka har sai ka gaji ka roƙe shi ya koma. Cindo kuma maganar da ta fi sauƙi a bakinsa ita ce, "Tafi ka ba ni wuri." Ita yake gaya wa akuya, ita yake gaya wa mai talla, wan nasa ma yakan samu rabonsa.

Ran da abin ya faru Nomau ne a ƙasa, Cindo yana sama riƙe da igiya. Sun wuce jar ƙasa, sun wuce marmara, sai digar Nomau ta yi ƙara a kan wani abu. Ya share da hannu, ya ga dutse sassaƙaƙƙe kamar tulun da aka kife, da zanen furanni kewaye da wuyansa. Ya ɗaga murya ya ce, "Cindo, wani ya riga mu gini a nan ƙasa!" Ya sa diga ya ɓamɓare tulun, sai iska mai warin gishiri da ƙarnin kifi ta taso. Igiya ta yi sako-sako, aka daina jin motsin Nomau. Cindo ya ja, ya ja, abin da ya fito ɗaure a bakinta wata farar katantanwa ce mai girman ƙoƙo.

Jama'a suka taru ana ta salati. Tsohuwarsu Tabawa ta zo tana dogara sanda, ta leƙa rijiyar, sannan ta dubi Cindo ta ce, "Da ɗan'uwanka ka fita da safe. Kada ka shigo mini gida da igiya kaɗai." Cindo ya ɗaure igiya a kututture, ya saɓa diga, ya sauka yana mita.

Da ya zura ƙafa cikin ramin da tulun ya bari, ruwa ya fizge shi. Ya buɗe ido ya gan shi tsakiyar wani ɗaki na dutse, ruwa kore ya cika shi har rufi, ga shi kuma yana numfashi lafiya lau. Ginshiƙan ɗakin kowane a kan zaki yake zaune, kifaye na shiga bakin zakokin suna fita. Ya doshi ƙofa ke nan sai wata mace ta tare shi. Daga ƙugu zuwa sama mutum ce, daga nan zuwa ƙasa jelar maciji, bisa kanta kuma kawunan gamsheƙa sun fasa sun yi mata laima.

Ta ce, "Ya kai ɗan Adam mai ɗauke da ƙarfe, ka shigo ɗakunan bautar da teku ta haɗiye, ba sallama ba gaisuwa. Wanda ya wuce kafinka ya gaishe ni, ya gai da masu tsaron ƙofa, har ya tambayi yadda kifaye suka ji da sanyi."

Cindo ya ce, "Shi na zo nema. Wana ne. Ina ya nufa?"

Ta ce, "Gaisuwa tukuna."

Ya yi gaisuwar kamar ana cire masa haƙori. Ta ce ba ta isa ba, ya sake. Sai da ya durƙusa ya tambayi lafiyar jelarta sannan ta yi murmushi, ta miƙo harshe mai baki biyu ta lashi kunnuwansa. Ta ce, "Yanzu za ka ji harshen mutanen tudu da na mutanen dutse, su ma za su ji naka. Bi wannan matakala. Ɗakunan nan da can duk a kan tudu suke, teku ta yi ƙyashin kyansu ta cinye su, ɗaya kaɗai ta rage a gaɓa. Ta gindinsa za ka fita. Ka yi sauri, gama a ƙasar nan daga sama ake fara aiki a gangaro ƙasa."

Bai gane ƙarshen maganar ba, bai kuma tsaya tambaya ba. Ya ratsa ɗaki bayan ɗaki. A wani, kaguwa mai girman bijimi ta kama digarsa, suka yi ta ja-in-ja har ta haƙura. A wani, matakalar ta karye, ya kama jelar kunkuru ya haye. Can sai raƙumin ruwa ya ɗauke shi ya maka shi kan yashi kamar buhun gero.

Da ya tashi ya ga ɗakin bauta tsaye a bakin teku, hawa kan hawa yana tsukewa har tsini, iskar gishiri ta lashe fuskokin da aka sassaƙa a jikinsa sun zama kamar sabulun da ya sha wanki. Bijimai na dutse sun durƙusa a jere bisa katanga. Wani mai toka a goshi ya shiga da fitila da ƙararrawa, masunta na tura kwale-kwale cikin ruwa. Garin duk ƙarar guduma yake yi, ƙwas, ƙwas, kowace rumfa da mai sassaƙa a ciki. Mutanen Hindu ne, baƙaƙe kamarsa, ba wanda ya kula da shi sai wata tsohuwa mai shirya furanni a zare, sunanta Tangam.

Ta ce, "Ɗana, kai ma daga ruwa? Kamanninku ɗaya da mai gaisuwar nan. Taho ka ga inda ya sa kansa."

Ta bi da shi ta gaban wasu ɗakuna da ba a ɗora dutse kan dutse wajen gina su ba. Kowane daga dutse guda aka fafe shi, rufinsu ya kammalu har da ado, gindin wasu kuwa har yanzu ɗanyen dutse ne. Ta ce masu aikin daga ƙoli suke farawa, sai wata rana suka ajiye guduma suka tafi, ba wanda ya san dalili. Daga nan suka isa wani bango na dutse, tsawonsa ya fi na kuka, faɗinsa ya yi gona ƙarama. Tsaga ta raba shi biyu, ruwa na tsiyaya a cikinta. Jikinsa cike da halittu: giwaye da 'ya'yansu, birai na cire wa juna ƙwarƙwata, barewa, gajerun mutane masu tumbi, masu tashi sama bibiyu, wani tsoho ƙashi da fata tsaye da ƙafa ɗaya. A gefe, bayan ƙaramar giwa, ga Nomau da 'yar hularsa, ya ɗaga ƙafa kamar mai tafiya. Daga kai zuwa ƙirji ya zama dutse, cikinsa kuwa yana numfashi.

Tsoro ya kama Cindo irin wanda bai taɓa ji ba ko a gindin rijiya mai rushewa.

Tangam ta ce, "A idona aka yi. Ya zauna nan inuwa, ya fito da wani jiƙaƙƙen abu daga aljihu zai ci, sai ya ɗaga kai ya ce wa bango, 'Bismilla, ku zo mu ci.' To, waɗanda ke cikin ɗakunan bauta kullum muna kai musu shinkafa da furanni, amma waɗannan na bango, birai da giwaye da gajeru, tun da aka sassaƙa su ba wanda ya taɓa yi musu tayi. Sai suka sauko. Suka ci, suka yi godiya, suka tashi za su koma. Shi kuma ya miƙe ya ce bari ya taka musu. Ya bi su har ciki."

Cindo ya dafe kai. Ya ce, "Inna, a wurinmu in mai gida ya raka baƙo, baƙon ne ke cewa, 'Koma haka nan, na gode.' In ba a faɗa ba, wannan mutumin har Makka sai ya bi ka."

Ta ce, "Mu kuma a nan ba a ce wa mutum koma. Abin kunya ne, kamar ka kore shi. Mutanen dutse sun fi mu riƙo da wannan."

Cindo ya ga magana ba za ta fisshe shi ba, ya ɗaga diga ya sari dutsen kusa da kafaɗar wansa. Ɓarɓashi ya faɗo, jini ya biyo baya. Tangam ta riƙe hannunsa ta ce, "Kai mahaukaci ne? In dutsen ya kai tafin ƙafarsa ya zama nasu, in ka ci gaba da sara kuma ba naka ba nasu."

Sai wata murya ta ce, "Baiwar Allah ta yi gaskiya." A ƙasan bangon akwai wani muzuru na dutse, tsaye da ƙafafun baya, ya ɗaga hannuwa sama kamar mai tsananin ibada, ɓeraye sun kewaye shi suna kallo. Shi ne ya yi magana. Ya ce, "Ya kai baƙo mai baƙin ciki, ni na bar duniya da abin da ke cikinta, saboda haka shawarata kyauta ce. Jingina bayanka nan kusa da ni, ka rufe ido, in ja ka ciki in turo wanka waje."

Cindo ya dubi tumbin muzurun, ya ga ya yi tulu. Ya ce, "Kai da ka bar duniya, me ya cika maka ciki haka? Tafi ka ba ni wuri." Ɓerayen suka dubi juna, suka ɗan ja da baya. Muzuru ya yi tsaki ya ce in yana da ƙarfin hali ya je ya tambayi Tsohon Dutse. Daga nan muzurun ya koma ibadarsa.

Tsohon Dutse wani ƙaton curi ne, ya fi rumbu uku a haɗe, yana tsaye a gangaren falalen dutse a kan wuri da bai fi faifai ba, kamar yanzu zai mirgino. Rana tsaka Cindo ya isa. Inuwa ɗaya ce a wurin, ita ce ta ƙarƙashinsa ta wajen gangare. Wannan karon sai da ya yi sallama ya gaisa. Dutsen ya ce, da murya kamar ana niƙa, "Ba na jin mai magana daga nesa. Shigo ƙarƙashina." Cindo ya shiga ya zauna. Dutsen ya yi ƙara, ya sunkuyo har ya taɓa masa hula, tsakuwa na zubo masa a wuya. Gumi ya jiƙa shi sharkaf, amma bai motsa ba.

Dutsen ya ce, "Sarakuna sun ɗaura mini giwaye su ja ni, ban gusa ba. Kai ka zauna, zan gaya maka abin da na sani. Ƙofar bango ita ce tsagar da ruwa ke bi. Shiga da baya, ka bar ƙarfenka a waje. Shugabansu Toron Giwa ne. Amma kada ka sa rai zai ce wa wanka ya tafi. Wanda ya sassaƙa su ya tafi bai gama su ba, tun ran nan suka yi rantsuwa ba wanda zai sake barinsu da izinin bakinsu."

Cindo ya koma, ya ba Tangam ajiyar diga. Dutse ya riga ya kai wa Nomau gwiwa. Ya juya baya ya shiga tsagar, ruwan sanyi na dukan ƙeyarsa.

Ciki wata ƙasa ce mai launin toka, sama toka, ciyawa toka, kogi na gudu a hankali kamar kunu. Duk halittun bango suna nan suna yawo, kowa na jan ƙafa. Toron Giwa na tsaye a tsakiya, 'ya'yansa na laɓe a ƙarƙashin cikinsa. Kusa da shi ga Nomau zaune kan tabarmar dutse, wani biri na duba masa kai.

Cindo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, shugaban mutanen dutse, wannan bawan Allah wana ne. Rakiya ya yo muku. Tsohuwarmu na can tsaye bakin rijiya tana jira. Kalma ɗaya nake roƙo, ka ce masa ya koma."

Toron Giwa ya ce, "Ya kai ɗan ƙasa mai laushi, ka roƙi haurena in ba ka, ka roƙi lu'ulu'un da ke gindin teku in sa a kwaso maka. Amma mutumin da ya kira mu cin abinci bayan duniya ta manta muna da baki, ba za mu buɗe wannan bakin mu kore shi ba. Ba mu ɗaure shi ba. In ya so ya tashi."

Cindo ya juya ya ce, "Yaya, ka ji. Tashi mu tafi."

Nomau ya yi magana a hankali, muryarsa ta yi nauyi. Ya ce, "Haba Cindo, yaya zan juya wa mutane baya ba su sallame ni ba? Ai ba tarbiyyar da Inna ta yi mana ke nan ba. Kuma ka ga wurin nan ba yunwa, ba ciwon baya. Sun ma ba ni ɗaki. Ka iso lafiya? Ya hanya? Ya ruwan gishirin nan?"

Ran Cindo ya ɓaci har idonsa ya rufe. Ya yi masifa, ya yi magiya, ya kama hannun wansa ya ja, kamar yana jan fa. Da ya gaji ya zube ƙasa. Nomau ya matsa masa a tabarma, ya kawo masa ruwa a kasko, yana ta ba shi haƙuri da cewa gidan sabo ne, ba abin da zai ba baƙo. Cindo ya riƙe kaskon bai sha ba. Ya dubi tabarmar, ya dubi wansa da ke ta hidimar mai masauki. Sai ya ajiye kasko, ya gyara zama, ya gai da shi gaisuwa cikakkiya, ya yi masa barka da sabon gida, suka ɗan taɓa hira. Sannan ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce, "To, Yaya, na ga gida. Ni zan koma."

Nomau ya yi zumbur ya tashi. Ya ce, "Af, tun yanzu? Bari in taka maka." Ya juya wajen Toron Giwa ya ce, "Ranka ya daɗe, zan raka baƙona in dawo."

Toron Giwa ya dubi Cindo. Ya ce, "Ka yi dabara, ɗan ƙasa mai laushi, ba kuwa za mu hana mai gida raka baƙonsa ba. Amma ka ji wannan da kunnen da aka lasa maka. Aronsa muka ba ka. Ranar da bakinka ya ce masa koma, ko tafi, ko da wasa ko cikin fushi, a ranar zai dawo bangon nan, kuma daga kai har tafin ƙafa za a gama shi."

Suka fito ta tsagar, dutse na zuba daga jikin Nomau kamar busasshen laka. Tangam ta rataya musu furanni a wuya ta ce, "Ku je ku dawo." A gaban bijiman dutse Nomau ya tsaya, ya ce, "To Cindo, nan ya yi ko?" Cindo ya ce, "Ɗan ƙara taka mini, Yaya." A ƙofar mai jelar maciji ya sake tsayawa yana waiwaye, Cindo ya sake faɗin haka. A gindin igiya ma haka. Suna fitowa rijiyar ta rufta, Tabawa ta kama kunnuwansu duka biyun tana kuka tana zagi.

Daga ranar Nomau bai sake tafiya gaban ƙanensa ba, kullum yana bayansa kaɗan, kamar yadda mai rakiya ke yi. Kasuwa tare, gona tare, gindin rijiya tare. Ya ci gaba da cika mutane da gaisuwa, ya ci gaba da ba Cindo haushi, sai dai wani lokaci yakan tsaya ya zuba wa gabas ido ya ce ya bar mutane suna jira. Cindo kuwa, mutumin da ke korar akuya da mai talla da baki ɗaya, ya koyi cije leɓe. In fushi ya ciyo shi sai ya cusa goro a baki ya yi ta tauna har ya huce. Mutanen gari suka ce tsufa ne ya gyara shi. Tabawa ta rasu da 'ya'yanta biyu a gabanta, su ma suka yi furfura, suka aurar da jikoki.

Cindo ne ya fara kwantawa. Da hantsi, ran da jikin ya yi tsanani, Nomau na zaune a bakin gadonsa yana yi masa fifita. Ya ga numfashin ƙanensa na sama-sama, ya sunkuya ya ce, "Cindo, tafiyar nan da ka ɗauko ba a raka mutum. Ka riƙe ni shekara da shekaru, na kuwa san nawa ka haɗiye saboda ni. Sallame ni haka nan, kai ma ka huta."

Cindo ya buɗe ido da ƙyar, ya lalubo gefen rigar wansa ya damƙe.

Ya ce, "Ɗan ƙara taka mini, Yaya."

Bai sake magana ba. Sai da aka yanke gefen rigar kafin a yi masa wanka, don an kasa buɗe hannun.